Tukunyar gida da tafiyar shekara

Duk uwargidan da ke zuwa cefane da kanta ta san wannan: tumatirin da ake roƙonki ki ɗauki kwando guda a watan Fabrairu, shi ne a watan Yuni za ki tsaya kina taya kashi ɗaya mai ƙwaya biyar, biyu a ciki ma sun fara ruɓewa. Ba son riba na 'yan kasuwa ne kaɗai ya jawo haka ba. Tumatir ba ya jure zafin bazara, furensa zubewa yake yi kafin ya ƙulla 'ya'ya, kuma ruwan damina kan jawo masa cutar ganye. Lokacinsa sanyi ne, a fadamu da filayen noman rani irin na Kadawa da Kura da Garun Malam, masu shan ruwan madatsar Tiga. Daga Janairu zuwa Maris kasuwar Kwanar Gafan da ta 'Yankaba cika suke yi har a rasa wurin taka ƙafa, sannan kaya ya fara ja baya. Idan kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta shigo, kamar yadda ta cinye gonaki a 2016, to sai dai haƙuri.

A ganina wahalar da muke sha rabinta mu muka ɗora wa kanmu, domin mun mayar da jar miya abincin kullum, rani da damina. Girkin iyayenmu da shekara yake tafiya. Damina ta ganye ce, kaka ta kabewa da gyaɗa da sabon hatsi, sanyi na tumatir da tattasai da albasa, bazara kuma ta abin da aka shanya aka adana. Wadda ta bi wannan tsari miyarta za ta fi daɗi, kuɗin cefane kuma zai fi yi mata albarka. Amma ajiyar tana da ƙa'ida, kuma a nan ne mafi yawa suke yin asara.

Mu fara da kauɗar tumatir, tunda ita ce aka fi yi wa mummunar shaida. Ana cewa tana baƙanta miya, tana da ƙasa, tana da tsami. Duk gaskiya ne idan kauɗar bakin titi ce, wadda aka yanka daga ragowar kayan da ba su sayu ba aka baza a ƙasa, iska da motoci suna watsa mata yashi. Ta gida daban take. Ki sayi tumatir dogo mai tsoka, irin wanda ake kira UTC, wanda ya nuna ja sosai amma bai yi laushi ba. Mai ruwa-ruwa zagayayye ba na shanya ba ne, kafin ya bushe ya yi tsami. Ki wanke shi tun yana ɗungurungum, ki bari ruwan ya tsane, ki ware duk wanda ya fashe ko tsutsa ta huda, a yi miyar yau da shi. Sai ki tsaga kowanne gida huɗu ta tsawonsa, manya ki yi shida, kaurin kowane yanki kada ya wuce na ɗan yatsanki ƙarami. Ki jera su bawo a ƙasa, yanka yana kallon sama, kada wani ya hau kan wani. Gishiri kaɗan da za ki barbaɗa yana taimakawa wajen jawo ruwan da rage ƙuda, kamar cokali ɗaya na shayi ga kilo biyu. Sai dai ki tuna da shi ranar miya.

Wurin shanya ya fi komai muhimmanci. Tabarma mai tsabta ko faifai ko tire, a ɗaga a kan tebur ko benci yadda iska za ta ratsa, kaji da awaki kuma ba za su kai ba. Tsohon gidan sauro wankakke ki rufa a kai, a ɗan ɗaga shi da sanda don kada ya manne da tumatirin. Shi zai tare ƙuda da mafi yawan ƙurar hunturu. Kada ki shimfiɗa kai tsaye a kan kwanon rufi: zafin ƙarfen yana ƙona gefen da ya taɓa shi, tsamin tumatir kuma yana cin kwanon, shi ya sa kauɗar ke fitowa baƙa mai ɗaci. Da la'asar sakaliya ki shigar da ita ɗaki saboda raɓa, da hantsi ki mayar. Daga kwana na biyu ki riƙa juyawa sau ɗaya a yini. A rana mai kyau kwana huɗu zuwa shida sun isa. Gwajin shi ne ki tsaga yanki mafi kauri ki matsa: idan babu danshi ko kaɗan a tsakiya, yana lanƙwasuwa da ƙyar ko yana karyewa, ta yi. Launinta ja mai duhu ne, ba baƙi ba.

Kwanan farko shi ke yanke hukunci. Idan kika yanka da yamma tumatirin ya kwana a jiƙe, ko kika tara shi a roba kina jiran gobe, ya riga ya fara tsami, kuma rana ba ta gyara wannan. Ki fara yanka da sassafe, ki yanka iya abin da wurin shanyarki zai ɗauka.

Kada ki yi mamakin yadda zai ƙanƙance. Tumatir kusan dukansa ruwa ne, kilo 10 ɗanye ba zai ba ki kilo ɗaya busasshe ba. Ga lissafi mai sauƙi: gidan mutum shida da ke jar miya sau biyu a mako, kowace tukunya tana cin kamar kilo ɗaya na ɗanye, daga Mayu zuwa Agusta kusan tukunya 35 ke nan. Babban kwando ɗaya kan kai wannan nauyi ko ya wuce. Idan ta bushe ki bari ta huce a inuwa kafin ki rufe, don zafin da ke jikinta kan koma gumi a cikin mazubi. Ki zuba a bokiti mai murfi da ke kamawa sosai ko kwalabe, gara ƙanana da yawa da babba ɗaya da za a riƙa buɗewa kullum cikin laimar damina. Bayan mako guda ki duba. In kin ga gumi a jikin kwalba, ki sake ba ta rana yini ɗaya. In fumfuna ta fito, zubarwa za a yi.

Ranar miya ki ɗebi cikin hannu biyu, ki wanke sau biyu, ki jiƙa a ruwan ɗumi na minti talatin zuwa awa ɗaya, ki tafasa a cikin ruwan jiƙon har ta yi laushi, sannan ki markaɗa da albasa babba biyu, tattasai huɗu da attaruhu gwargwadon bakin gidan. Albasar ki yawaita ta, zaƙinta ne ke danne tsamin. Ki soya a wuta matsakaiciya har mai ya taso sama, minti ashirin ko fiye. Da yawa suna gaggawar jefa kanwa don kashe tsami. Tana kashewa, amma in ta wuce girman ƙwayar wake a tukunya guda sai miyar ta yi duhu ta ɗauki wani ɗanɗano mai kama da sabulu. Yankan kabewa ko karas guda biyu a cikin markaɗen ya fi ta aiki mai kyau.

Akwai masu dafa markaɗe su zuba a kwalba, kuma hanya ce mai kyau ga wadda wutar unguwarsu ba ta da tabbas balle ta dogara da firiza. Sai dai ina roƙon a kula da wannan sosai, don maganar lafiya ce. Tsamin tumatir ne ke hana wata ƙwayar cuta mai guba rayuwa a rufaffiyar kwalba. Albasa da tattasai da attaruhu ba su da wannan tsami, kanwa kuma kashe shi take yi gaba ɗaya. Saboda haka tumatir zalla ake sawa a kwalba, ba haɗaɗɗen kayan miya ba, ba mai, ba kanwa. Ki dafa markaɗen har ya ragu zuwa rabi, ki zuba cokali biyu na cin abinci na ruwan lemon tsami a kowace kwalba mai cin lita ɗaya, ki cika da tumatirin yana da zafi, ki bar sarari kamar faɗin yatsa a sama, ki goge baki ki rufe. Kwalaben su zama masu murfin ƙarfe mara tsatsa, wankakku kuma masu ɗumi don kada su fashe. Ki shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, ki jera su a tsaye, ruwa ya shanye kansu, ki ƙirga minti 50 daga lokacin da ya fara tafasa sosai. Washegari ki danna tsakiyar murfi: wanda ya lotsa ciki ya kama, wanda ke motsi a yi amfani da shi nan take. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura daga baya, ko ta yi kumfa, ko ta fesa da aka buɗe, kada a ɗanɗana ma.

Tattasai da attaruhu sun fi sauƙi. Tattasai a tsaga biyu a cire 'ya'yan, attaruhu a tsaga shi ma don in aka bar shi rufe cikinsa kan yi fumfuna alhali bayansa ya bushe. Mutanen Diffa da ke noman tattasai a gaɓar Komadugu sun daɗe suna sayar da shi busasshe har cikin Najeriya, kuma garinsa shi ke ba miyar damina jan launi ba tare da tumatir ba. Albasa kuwa ba sai an yanka an shanya ta ba, bawonta da wuyanta kawai ake busarwa. Ki saya daga Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da ta Aliyaro da ta Galmi suka cika kasuwa, ki zaɓi mai siririn wuya busasshe, ki baza ta a inuwa mai iska kamar mako biyu har bawon ya riƙa ƙara in an taɓa. Mai kaurin wuya ba ta ajiyuwa, a fara ci da ita. Kada ta shiga leda, kada ta zauna kusa da dankali, kuma duk mako ki tsince wadda ta fara laushi. Wadda ta kai Oktoba da albasarta ta rage wa kanta tsadar cefane.

Bazara ba ta da yawan sabon abu sai mangwaro da tsamiya da ɗorawa. A lokacin ne ya kamata a sayi tsamiyar kunu ta shekara, a ɓare a shanya a dunƙule. Bayan ɗorawa ta nuna sabuwar kalwa ke shiga kasuwa, daddawar lokacin kuma ta fi ƙamshi. Ki ƙara mata rana kwana biyu kafin ki adana, don wadda aka sayar da sauran danshi tsutsa take yi.

Da ruwa ya sauka ƙasa ta yi kore, sai a sauke jar miya daga kan karaga. Rama, zogale, yakuwa, alayyahu, tafasa, lalo, karkashi, ɗanyar kuɓewa, gauta, ga su nan a bayan gida da bakin kasuwa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ke ɓata girkin ganye guda biyu ne: ƙasa da yawan dahuwa. Ganyen damina ruwan sama yana fantsama masa yashi, don haka a wanke shi kafin a yanka, a cikin babbar roba, a tsamo ganyen daga ruwan maimakon a tsiyaye ruwan ta kansa, sau uku ko har gindin robar ya fita fes. In aka yanka sannan aka wanke, daɗin da amfanin suna bin ruwa.

Kwaɗon zogale na mutum huɗu: ganye tsinkakke cikin kwano ɗaya, a cire duk sandunan don su ke shaƙe maƙogwaro. A zuba a tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri, minti 10 zuwa 15, ɗanyen toho bai kai haka ba ma. A tsane, a matse da hannu amma kada a matse shi ƙarƙaf. Ƙuli-ƙuli dakakke kofi ɗaya a dama da ruwa kaɗan ya yi kauri, a sa yaji da gishiri, albasa ɗaya yankakkiya, man gyaɗa cokali biyu, a cuɗa. Idan ya yi ɗaci, tsohon ganye aka tsinko ko ba a zubar da ruwan dahuwar ba. Idan ya yi ruwa, ba a matse ba ko an sa tumatir tun da wuri ya saki ruwansa. Rama ita tsami ne matsalarta: a tafasa a zubar da ruwan farko, a sake sabon ruwa, ƙuli-ƙulin kuma a ƙara shi fiye da na zogale. Kada a kashe tsamin duka, rama ba tsami ba rama ba ce. Kwaɗo ba ya kwana, musamman a zafi, a yi daidai ci.

Faten tsaki kuwa, wanda Zazzagawa suka yi suna a kansa, shi ne abincin da ya fi dacewa da yammacin da aka wuni ana ruwa. Tsakin masara kofi biyu yana son ruwa kofi 10 zuwa 12. A wanke tsakin a rege shi, dusa ta tashi, tsakuwa ta zauna. A ɗora ruwa da daddawa biyu, jajjagen attaruhu da albasa, manja ludayi ɗaya, ƙashi ko busasshen kifi, da wake cikin hannu ɗaya. Sai waken ya yi laushi ake zuba tsaki, a hankali ana juyawa, in ba haka ba ya dunƙule. A rage wuta, a riƙa kai ludayi har gindin tukunya duk bayan 'yan mintuna, don fate in ya kama ƙauri ya bi shi duka. Bayan minti ashirin a sa dakakkiyar gyaɗa rabin kofi da gauta, in ana son ɗan ɗacinta. Yakuwa ko rama su shiga saura minti goma, alayyahu da lawashi saura biyar. A sauke shi da ɗan ruwa-ruwa, yana hucewa yana kauri.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ga ganye ya yi araha a watan Agusta a ce bari a shanya. A tsakiyar marka iska cike take da laima, ganyen zai yi baƙi ya yi wari kafin ya bushe. A jira ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ruwa ya ɗauke amma itace bai zubar da ganye ba. Kuma ganye a inuwa ake busar da shi, ba a rana ba. Rana tana cinye korensa da ƙamshinsa da wani ɓangare na amfaninsa. Ɗaki mai taga biyu ko ƙarƙashin rumfa, a baza shi sirara a kan tabarma, a juya safe da yamma, kwana uku zuwa biyar, har ya riƙa murƙushewa a hannu. Haka ake yi wa kuka da zogale da karkashi da lalo. Garin kuka mai kyau kore ne shar. In kin ga ya yi fari-fari ko ruwan ƙasa, ko dai a rana aka shanya ko ya tsufa, ko an daka da sanduna. Ki sa kaɗan a harshe kafin ki saya, yashi ba ya ɓuya.

Miyar kuka kowa yana ganin ya iya ta, amma gudaji sun kunyata tukwane da yawa. Ruwan miyar a gama haɗa shi tukuna: nama ko kifi, daddawa, albasa, barkono, citta da masoro, ya dahu har daddawar ta daina warin ɗanye, akalla minti talatin. Sai a rage wuta ƙwarai, tafasar ta kwanta. Cokali uku zuwa huɗu na kuka ga lita ɗaya ta ruwa, a barbaɗa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kaɗawa da maburgi ba tsayawa. Wadda ta juye garin gaba ɗaya cikin ruwa mai tafarfasa, bayansa zai dahu ya rufe cikin yana gari, kuma ba maburgin da zai fasa shi. Bayan kaɗi minti biyar sun isa, tukunya a buɗe. In ta daɗe a wuta sai ta yi duhu ta tsinke. Man shanu a kwano ake zuba shi, ba a tukunya ba.

Kuɓewa ita rana take so. A zaɓi ƙanana matasa, waɗanda bakinsu ke karyewa ƙas in an lanƙwasa. Wadda ta tsufa zare ne kawai, ko an daka ba ta yauƙi. A goge ko a wanke a bari ta bushe sarai kafin wuƙa ta taɓa ta, a yanka sirara, a shanya kwana uku zuwa huɗu. Na fi son a ajiye ta a yanke a riƙa daka na mako ɗaya ko biyu, don garin da ya daɗe yana rasa yauƙi kuma ƙwari sun fi saurin shiga. Wajen miya tsami ne abokin gabar yauƙi, don haka tumatir kaɗan ko babu, ɗan ƙanƙanin kanwa, kuma ba a rufe tukunya bayan an kaɗa.

Sai kaka, lokacin da ya fi kowanne daɗin girki. Kabewa ta ƙosa, gyaɗa sabuwa, yakuwa da alayyahu ba su ƙare ba, wato duk kayan miyar taushe sun haɗu a wata ɗaya. Ga ta mutum shida. Nama mai ƙashi rabin kilo, tantaƙwashi ya fi, a dafa da albasa da daddawa biyu da citta a ruwa lita biyu. Kabewa kilo ɗaya, a fere a yanka manya a jefa cikin ruwan naman. Wajen saye ki duba mai jan ciki, mai nauyi a hannu, wadda farce ba ya shiga bawonta. Wadda cikinta fari ne ruwa ce zalla, ba zaƙi ba gari. Bayan kamar minti ashirin ta yi laushi, a tsamo a farfasa da ludayi ko a daka a turmi a mayar. Jajjagen tattasai uku, attaruhu biyu, tumatir uku in akwai, a soya shi daban a mai ludayi ɗaya a juye. Gyaɗa kofi ɗaya, a ɗan soya sama-sama a murje bawon a daka, a dama da ruwan miyar a kwano kafin a zuba. Daga nan wuta ƙasa-ƙasa da yawan juyawa, don gyaɗa da kabewa duka masu kama gindin tukunya ne. Minti goma sha biyar gyaɗar ta dahu, alamarta mai ya fara tsattsafowa a sama. Yakuwa cikin hannu ɗaya tak, ta yi minti biyar, sannan alayyahu ɗauri biyu da lawashi, minti uku a sauke. Yakuwa ta yi yawa miya ta yi tsami, gyara shi ne ƙarin gyaɗa ko kabewa. Gyaɗa ba ta dahu ba, miya ta yi gafi kuma ta lalace kafin safe. Da tuwon shinkafa ko waina ko sinasir, ba ta da na biyu. Kabewar da ba a fasa ba, mai sauran karanta a jiki, tana wata biyu zuwa uku a wuri mai sanyi in ba a ajiye ta a kan siminti mai danshi ba.

Sabon hatsi yana da halinsa. Garin sabuwar masara ko dawa bai kai tsoho shan ruwa ba, don haka a rage ruwan talge, in ba haka ba tuwo ya yi saki. Sabon wake kuma yana nuna da wuri, ba ya bukatar kanwa.

Gyaɗa da masara na kaka suna da wani haɗari da ba a gani da ido sosai. In aka zuba su a buhu da sauran danshi, wata fumfuna kan kama su ta bar guba mai lahani ga hanta, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta. Ki ƙara wa gyaɗar da kika saya rana kwana biyu ko uku a kan tabarma, har ƙwayar ta riƙa karyewa ƙas a haƙori kuma bawon ya murje cikin sauƙi. Ki tsince duk wadda ta motse, ta canza launi, ta fashe ko take da ɗaci. Kada a ce a ba yara ko a yi ƙuli-ƙuli da tsintar, nan ne gubar ta fi taruwa. Buhu kuma a ɗora shi a kan katako nesa da bango.

Wake shi ne na ƙarshe da za a tanada kafin sanyi ya shiga, kuma don Allah kada a zuba masa maganin ƙwari na gona ko na sauro. Ƙwaron wake iska yake shaƙa, in aka hana shi ita mutuwa yake yi da ƙwansa. A sheƙe waken, a ba shi rana mai zafi yini biyu, a bari ya huce, a zuba a busasshiyar jarka wadda ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ba. A cika ta har wuya ana bubbugawa don ya zauna, a sa leda a baki a ɗaure murfi tam. Jarkar da aka cika rabi ba ta aiki, iskar da ta rage a ciki ta ishi ƙwarin. Kada a buɗe sai bayan wata biyu, na ci a ware shi daban tun farko. Mai buhu guda ko fiye ta nemi buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi mai rufi uku da ke hana iska shiga, a ɗaure kowane rufi daban, a kuma kiyaye shi daga ɓera, don huda ɗaya ta ɓata aikin.